Baƙo da Mota a Garin Babura

Gabatarwa

An shirya wannan darasi domin hakimai da magatakardansu, da kuma dagatai da masu unguwanni da ke ƙarƙashinsu, musamman waɗanda ƙasarsu ta ƙunshi unguwannin da baƙi 'yan ƙasashen waje ke zaune, kamar Nassarawa da Bompai a Kano. Maganar da ke cikinsa guda ɗaya ce, watau yadda baƙo mai tuƙa mota zai bi hanya lafiya a garin da babura suka yi yawa, ya kai inda za shi bai taɓa kowa ba, kowa bai taɓa shi ba.

Wani yana iya cewa ina ruwan hakimi da tuƙin mota, ai wannan sha'anin 'yan sanda ne. To, gaskiya ne shari'ar haɗari ba ta hannun hakimi. Amma ran da mota ta buge mai babur, kafin ɗan sanda ya iso jama'a sun riga sun taru, kuma muryar da suka saba ji ita ce ta mai unguwarsu. Yaron da ke kwance a kwalta talakan hakimi ne, baƙon da ke cikin mota kuwa amana ne a hannun gari. Saboda haka wajibi ne shugabanni su san wannan al'amari tun daga tushensa, don su iya yi wa kowane ɓangare gargaɗi tun abu bai auku ba.

1. Nassarawa da Baƙinta

Turawan Ingila sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Ba su zauna cikin ganuwa ba, sai suka kafa barikinsu a gabashin birni, wajen Nassarawa da Bompai. A Nassarawa ne Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa kuwa yana nan har wa yau ana zuwa kallo. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai baƙi suka yi ta zuwa. Akwai Kwara daga Lebanon da Siriya, da Turawan kamfani, daga baya ga Indiyawa da 'yan Pakistan malaman makaranta da likitoci, a wannan zamani kuma ga Sinawa da Turkawa da Misirawa. Da yawa daga cikinsu a Nassarawa suke zaune.

Asali an shata unguwar ne don mutane kaɗan, kowane gida da makeken fili, ga itatuwa jere a bakin hanya. Yanzu al'amari ya sake. A nan Gidan Gwamnati yake, da Sakatariyar Audu Baƙo, da Asibitin Nassarawa, wanda ake kira Asibitin Muhammadu Abdullahi Wase, ga makarantu da bankuna da masaukan baƙi da gidajen abinci. Kowace safiya dubban ma'aikata da leburori da masu kai yara makaranta suna shigowa daga Giginyu da Badawa da Hotoro da Tarauni da cikin birni, kuma mafi yawansu a kan babur ne ko cikin A Daidaita Sahu. Titin Audu Baƙo da na Ahmadu Bello, har da ƙanana irin su Sultan da Alu da Lamiɗo, duk sun zama hanyar kowa. Baƙon da ya ga faɗin kwalta da inuwar itatuwa yakan zaci ya sami hanya irin ta garinsu, sai ya taka mota. Wannan shi ne kuskurensa na fari.

2. Yadda Babura Suka Yawaita

A shekarun 1970 babur abin hawan malamin makaranta ne da akawu, irin su Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa. Da tattalin arziki ya tsuke a shekarun 1980, motocin haya suka yi ƙaranci, sai matasa suka shiga ɗaukar mutane a babur don kuɗi, watau acaɓa. Bayan haka babura masu araha suka shigo daga ƙasar Sin, kamar Jincheng da Lifan, da kuma Bajaj daga Indiya, har ya zama kusan kowane magidanci yana iya mallakar guda.

Zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya yi mulki daga 2003 zuwa 2011, aka kawo babura masu ƙafa uku don ɗaukar mata, suka sami sunan A Daidaita Sahu daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatinsa. Ran 19 ga Janairu 2013 aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, Allah ya jiƙansa. Cikin wannan wata gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana haya da babur a birni da kewayensa. Daga nan 'yan acaɓa da yawa suka koma tuƙa mai ƙafa uku. Amma babur na kai bai ragu ba, gama da shi tela yake zuwa shago, da shi ɗan kasuwa yake ɗauko kaya daga Kantin Kwari da Singa, da shi 'yan aike suke kai saƙo. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, mutane da dama sun ajiye mota sun koma babur, har da masu aiki da lantarki, waɗanda ba su da ƙara ko kaɗan.

Ya kamata baƙo ya gane cewa mai babur ba ɗan wasa ba ne da ya fito ya tare masa hanya. Mai neman abinci ne, sau da yawa kuma shi kaɗai ne ke riƙe da gida. Idan ƙafarsa ta karye, tukunyar mutum goma ce ta sauka daga murhu.

3. Abin da Doka Ta Ce

Da fari, hannun tuƙi. Nijeriya ta gāji tuƙin hannun hagu daga Ingila, amma ran 2 ga Afrilu 1972 ta koma hannun dama, don ta daidaita da maƙwabtanta, Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomi, wadda yanzu ake kira Binin. Wanda ya fito daga Lebanon ko Faransa ko Amurka ko Sin ko Misira ko Turkiyya, wannan hannun ya saba da shi. Amma mutumin Ingila da na Indiya da Pakistan da Japan da Kenya da Afirka ta Kudu, hagu ya tashi da shi, kuma sabo ba ya fita rana ɗaya.

Na biyu, lasin. Ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ya tuƙa mota ba. Baƙon da ya zo da lasin ƙasa da ƙasa yana iya aiki da shi har wa'adinsa, amma wanda zai daɗe sai ya nemi lasin Nijeriya. Aji B shi ne na ƙaramar mota, aji A na babur.

Na uku, inshora. Tun 1945 aka kafa dokar da ta tilasta wa mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda ya yi wa rauni. Daga 1 ga Janairu 2023 kuɗinta na shekara ga motar gida ya zama naira 15,000, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Ran 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka soma tsananta binciken wannan takarda a ƙasa duka. Lalle ne baƙo ya yanke ta a kamfani mai rajista, gama takardar jabu ba ta biyan kowa ran da aka bukace ta.

Na huɗu, gudu. Iyakar gudun ƙaramar mota a cikin gari kilomita 50 ne a awa, a babbar hanya 80, a hanya mai tagwayen layi ta tsakanin garuruwa 100. Nassarawa cikin gari ce, ko da titi ya zama wayam.

Na biyar, hular kwano. Daga 1 ga Janairu 2009 aka tilasta wa mai babur da wanda ya goya su sa ta. A lokacin har an ga waɗansu a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata, abin ya zama abin dariya har a jaridun waje. Har yanzu mafi yawan masu babur ba sa sa ta. Ma'anar wannan ga mai mota ita ce, ɗan gugar da a wata ƙasa zai ƙare da ƙujewa, a nan yana iya ƙarewa da jana'iza.

Masu tsare waɗannan dokoki su ne 'yan sanda, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya wadda aka kafa a 1988, shugabanta na fari kuwa Farfesa Wole Soyinka, da ma'aikatan duba lafiyar motoci, da 'yan Karota, watau hukumar kula da zirga-zirga da Jihar Kano ta kafa a 2012.

4. Dalilin da Ya Sa Mai Babur Ya Fi Shiga Haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma da yawa daga cikinsu masu babur ne, mai ƙafa biyu ko uku. In aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rayuka. Hukumar ta kuma nuna cewa hular kwano mai kyau tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuwa da kashi 69.

Dalilan ba su da wuyar ganewa. Mai mota yana cikin akwatin ƙarfe, mai babur kuwa jikinsa ne bangonsa. Mota tana da ƙafa huɗu, in ta taka yashi ko rami sai ta girgiza ta wuce. Babur in ya taka yashi a kwana sai ya zame, saboda haka mai shi yakan kauce wa rami farat ɗaya ba tare da sigina ba. Sa'an nan babur siriri ne, ginshiƙin gilashin mota kaɗai yana iya ɓoye shi, kuma ido yakan ɗauka yana nesa alhali ya iso. A 1981 wani malami mai suna Harry Hurt ya fitar da sakamakon binciken haɗurran babur 900 a birnin Los Anjalas na Amurka. Ya sami cewa a haɗurran da suka haɗa babur da wani abin hawa, kashi biyu cikin uku mai ɗaya abin hawan ne ya shiga hanyar mai babur, galibi don bai gan shi ba.

Akwai kuma lissafin birki, wanda ya kamata kowane magatakarda ya riƙe. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Littafin dokokin hanya na Ingila ya ƙiyasta cewa, daga sa'ad da direba ya hangi abu har mota ta tsaya cik a busasshiyar kwalta, mai gudun kilomita 32 yana bukatar mita 12, mai 48 mita 23, mai 64 mita 36, mai 80 kuwa mita 53. In kwalta ta jiƙe sai a ninka. Watau wanda ya ƙara gudu daga 48 zuwa 64 don ya ga titi ba kowa, ya ƙara wa kansa mita 13, tsawon ƙananan motoci uku. A cikin waɗannan mita 13 ne rai ke fita ko ya tsira.

5. Ƙa'idodi Goma ga Baƙo Mai Tuƙi

Na 1. Kada ya kama sitiyari a makonnin farko. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Ya zauna gefen direba ɗan gari, ya lura da yadda ake shiga mararraba, da inda babura ke ɓullowa, da ma'anar hon da ɗaga hannu. In ya soma tuƙi, ya soma da safiyar Lahadi, sa'ad da hanya ta yi sauƙi.

Na 2. Fita daga gida. Gidajen Nassarawa suna da dogayen katangu da ke rufe gani. A tuƙin hannun dama, abin hawan da ya fi kusa da ƙofa daga hagu yake zuwa. Wanda ya saba da Ingila ko Indiya kuwa dama idonsa ke fara dubawa. Sai ya horar da kansa ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu. Duban dama ma wajibi ne, gama akwai masu babur da ke bin gefen titi ta hannun da ba nasu ba don su rage tafiya. In akwai maigadi, ya fita ya tsaya a bakin titi ya ba da hannu.

Na 3. Kwanar hagu ita ce mafi haɗari, don mota tana ratsa layin masu tahowa. In ya hangi babur yana tahowa, ya ƙaddara ya fi kusa da yadda ido ya nuna, ya jira ya wuce.

Na 4. Kwanar dama ma tana da nata tarko. Sa'ad da mota ta rage gudu za ta juya, mai babur yakan kutsa tsakaninta da bakin kwata. Saboda haka ya sa sigina tun da nisa, ya dubi madubin dama, kana ya waiwaya da kansa, gama akwai gurbin da madubi ba ya nunawa.

Na 5. A shataletale, wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya, kuma daga hagu yake zuwa. Kafin ya fita daga ciki ya tabbata ba babur a gefensa na dama.

Na 6. Ya bar tazara. A bayan babur ko A Daidaita Sahu ya bar abin da bai gaza tafiyar daƙiƙa uku ba, gama mai ƙafa uku yakan tsaya nan take in ya hangi fasinja. In zai wuce babur, ya wuce ta hagu, ya bar kamar mita ɗaya da rabi tsakani. In wuri bai isa ba ya haƙura. Babur mai ɗauke da buhuna ko rodi ko katako ya fi yadda ake zato faɗi da tsawo.

Na 7. A danja ko cikin cunkoso, babura sukan cika duk wani gurbi da ke gaba da gefen mota. In an ba da hannu, ya bari su tashi tukuna, kada ya yi tsere da su. Ya riƙe layinsa, ya guji karkata ba zato.

Na 8. Buɗe ƙofa. Mutanen Holan suna koya wa direba ya buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, don jikinsa ya juya ya ga abin da ke tahowa ta baya. Ingila ta sa wannan cikin littafin dokokinta a 2022. Ya kamata baƙo ya koyi haka, ya kuma koya wa yaransa da ke zaune a baya.

Na 9. Waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari wajen sau huɗu. Baƙon da bai san gari ba yakan dogara ga taswirar waya. To, ya daidaita ta tun mota tana tsaye, ya bi murya, idonsa na kan hanya.

Na 10. Haƙuri. Hon a Kano sau da yawa sanarwa ce, ma'anarta ga ni nan tafe. Kada baƙo ya ɗauke shi zagi, kada kuma ya rama da zagi ko nuni da hannu, gama tafin hannu a buɗe da yatsu a ware babban zagi ne a ƙasar Hausa. In an goge masa madubi, ya tuna madubi yana da kasuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

6. Lokutan da Suka Fi Bukatar Lura

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana rage gani, masu babur kuma sukan naɗe kai da fuska saboda sanyi, ji da ganinsu su ragu. Sai a kunna fitila ko da rana. Da damina, musamman cikin Agusta, ruwa yana rufe ramuka da bakin kwata, ruwan farko kuma yakan sa kwalta santsi. Da dare akwai babura marasa fitilar baya, ga kuma na lantarki da ba a jin tahowarsu.

Ran Jumma'a da azahar akan tare waɗansu hanyoyi kusa da masallatai, da an sallame kuwa jama'a sukan ɓarke gaba ɗaya. Da watan azumi, rabin awa kafin shan ruwa kowa yana sauri ga gajiya ga ƙishirwa, mai hankali ba ya fita a wannan lokaci sai dole. Lokacin kai yara makaranta da ɗauko su, ana ganin uba da yara uku ko huɗu a babur ɗaya. Ayarin kai amarya ma abin kaucewa ne, don samari sukan yi wasa da babura a ciki. Haka nan bisa al'ada, kwana biyu bayan Salla akan yi Hawan Nassarawa, inda Sarki ke zuwa Gidan Gwamnati. A irin wannan rana dawaki da babura da 'yan kallo suna cika unguwar, ya fi kyau baƙo ya ajiye mota ya yi kallo da ƙafa.

7. Idan Haɗari Ya Auku

A ƙaddara wani injiniya Ba'indiye, wata guda da zuwansa Kano, ya fito daga gidansa a Nassarawa da safe. Ya dubi dama kamar yadda ya saba a garinsu, ya ga ba kowa, ya fito. Ashe wani saurayi tela yana tahowa daga hagu da ƙunshin ɗinki a bayan babur. Mota ta buge shi, ƙafarsa ta karye. Kafin a ce haka mutane sun kewaye motar, waɗansu suna dukan gilashi. Baƙo ya firgita, ya sa hannu a giya zai gudu.

Sai ga mai unguwa, wanda maigadin gidan ya aika a kira. Ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ku ja da baya. Wanda ke ƙasa shi ne abin dubawa tukuna. Kai, Malam, kira motar asibiti. Kada wanda ya ja shi." Sa'an nan ya juya ga baƙo, maigadi yana yi masa tafinta, ya ce, "Yallaɓai, kashe mota ka fito. Kana hannuna, ba mai taɓa ka." Baƙo ya fito, ya durƙusa wajen yaron, ya bi shi har asibiti, ya biya kuɗin farko. 'Yan sanda suka zo suka auna wurin, suka ɗauki bayani. Bayan kwana biyu mahaifin yaron ya zo gaban hakimi ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙaddara ta riga fata. Mutumin nan bai gudu ba, kullum yana zuwa dubiya. Abin da nake roƙo shi ne a tsaya a kan maganin yaron da abin da iyalinsa za su ci har ya miƙe." Hakimi ya sa magatakarda ya rubuta abin da aka yi alkawari, da sanin 'yan sanda da kamfanin inshora.

Da baƙon nan ya gudu, da laifinsa ya ninku a gaban doka, da kuma samari sun bi shi a babura, abin da zai biyo baya Allah kaɗai ya sani. Darasin da ke ciki ke nan. Wanda ya yi haɗari ya tsaya, ya kashe mota, ya kira lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ko 112 ta neman agajin gaggawa. In ya tabbata ransa na cikin haɗari saboda fushin taro, to ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa kai tsaye ya ba da rahoto, kada ya nufi gida.

Game da wanda ya ji rauni, kada a ja shi, kada a lanƙwasa wuyansa, kada a cire masa hular kwano in yana da ita sai in numfashi ya gagara, kada a ɗura masa ruwa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Ga Asibitin Nassarawa a kusa, ga na Murtala da na Malam Aminu Kano, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a 1959. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko bugun kai, na asibiti ne. Kada dangi su ɗauke majiyyaci su kai wa mai ɗori, gama sau da yawa daga nan ne ƙafa ke ruɓewa har a kai ga yankewa.

8. Aikin Hakimi da Magatakarda

Na fari, masu unguwanni su san baƙin da ke zaune a unguwarsu, su gaisa da su tun ana zaman lafiya, su ba su lambar wayar da za su kira in wani abu ya taso. Kamfanonin da ke kawo ma'aikata daga waje a shawarce su su ba sabon zuwa direba ɗan gari.

Na biyu, a yi wa talakawa gargaɗi a masallatai da majalisu da wajen shugabannin masu babura. Su sa hular kwano, su gyara fitila da birki, su mai da madubin da suka cire, su daina bin hannun da ba nasu ba, kada kuma uba ya ba yaron da bai kai ba babur. A kuma ja kunnen samari cewa dukan direba ko ƙona mota babban laifi ne, kuma ba ya ɗora ƙafar da ta karye.

Na uku, magatakarda ya buɗe littafi na musamman. Duk haɗarin da ya auku a ƙasar hakimi a rubuta rana da lokaci da wuri, da irin abubuwan hawan, da abin da ya jawo shi. Bayan wata shida za a ga wace mararraba ce ta fi cin mutane. Da wannan littafi hakimi zai rubuta wa ƙaramar hukuma da Karota da Ma'aikatar Ayyuka, ya nemi a sa alama, ko tudun rage gudu, ko a sare reshen da ya rufe gani, ko a cike rami. Takardar da ta zo da lissafi ta fi wadda ta zo da kuka kaɗai saurin samun amsa.

Na huɗu, wajen sulhu a tsaya a kan gaskiya. Kada a danne talaka don baƙo yana da kuɗi, kada kuma a ɗora wa baƙo laifin da ba nasa ba don an ga ba shi da dangi a gari. Inda aka yi asarar rai ko babban rauni, maganar ta hukuma ce da kotu, aikin hakimi shi ne ya kwantar da hankali ya kuma ga an bi hanya. Kano ta yi suna wajen karɓar baƙi tun zamanin ayarin Arewa da fataken Gwanja, kuma baƙon da aka yi wa adalci shi ke kai labarin gari ƙasarsu.

Tambayoyi don Bita

1. A wace shekara Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama, kuma baƙin waɗanne ƙasashe ne wannan ya fi shafa?
2. Mita nawa motar da ke gudun kilomita 48 a awa take bukata kafin ta tsaya? In ana ruwa fa?
3. Don me kwanar hagu ta fi haɗari ga mai babur?
4. Waɗanne abubuwa huɗu ne ba a yi wa wanda ya faɗi daga babur?
5. Me magatakarda zai rubuta a littafin haɗurra, kuma ina amfaninsa?

Allah ya kiyaye hanya, ya sauki kowa gidansa lafiya, amin.